Ra'ayinmu: Wa Zai Yi Cigiyarka In Ba Ka Zo Ba?

'Yan'uwanmu ɗalibai waɗanda karatu ya kai su ƙasar Indiya, da waɗanda suka raka iyayensu can neman magani, da yawansu su kan dawo da wani labari guda wanda ya ba su mamaki. In mutum ya yi sammako ya ratsa ta wani lambun shan iska a Mumbai, ko Delhi, ko Bangalor, da wuya ya fita bai tarar da gungun mutane ba, tsofaffi da masu matsakaicin shekaru, sun yi da'ira a kan ciyawa. Wasu sun shimfiɗa 'yan tabarmi suna miƙe gaɓoɓi, wasu sun rufe ido suna jan numfashi a hankali, wasu kuwa sun ɗaga hannuwa sama suna ta ƙyaƙyata dariya, alhali babu wanda ya faɗi abin dariya. Baƙo ya kan tsaya daga nesa ya ce a ransa, lalle bayin Allahn nan akwai abin da ya taɓa su. To, mu dai mun zauna mun yi nazarin al'amarin, mun kuwa tarar masu dariyar nan sun fi yawancinmu wayo, kuma abin da suka gano ya shafi kowane ɗalibi da ke kwana a ɗakin mutum takwas amma ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa.

Abin da su ke yi ɗin nan shi a ke kira yoga, ita ma dariyar reshe ce da ta tsiro daga jikinta. Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganinta, inda a kan nuna wani tsoho mai dogon gemu ya tanƙwashe ƙafafu a kan dutse, shi kaɗai, ya ƙaurace wa duniya da mutanen cikinta. Saboda haka muka ɗauka yoga sana'ar masu gudun jama'a ce. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin shekaru aru-aru haka abin ya ke, malami guda da almajiri guda, nesa da gari. Amma ita kalmar kanta, a harshen Sanskrit, tushenta ɗaya ne da haɗawa, irin haɗa shanun noma biyu a karkiya guda. Littafin da masu wannan hanya suka fi dogara da shi kuma, wanda a ke danganta shi ga wani malami mai suna Patanjali, ya kasa tafarkin mataki takwas, ya sa na farko ya zama yadda mutum zai zauna da sauran mutane, watau barin cuta, da barin ƙarya, da barin ɗaukar abin wani, da kamun kai, da barin handama. Zancen yadda za a ajiye jiki sai a mataki na uku ya zo, kuma cikin gajerun jimloli kusan 200 da ke littafin, uku ne kacal suka tsaya a kansa. A wani wuri ma littafin ya lissafa tausayin mai wahala cikin abubuwan da ke kwantar da zuciyar shi mai tausayin. Malaman da sun san wannan littafi: Abu Raihan Albiruni, masanin nan na ƙarni na 11, ya fassara shi zuwa Larabci domin ya fahimtar da mutanensa yadda Indiyawa ke tunani.

Fitowar yoga daga daji zuwa cikin gari ba ta daɗe ƙwarai ba. A shekarar 1918 wani mutum da a ke kira Shri Yogendra ya buɗe makaranta a Bombay, watau Mumbai ta yau, da niyyar koya wa magidanta, masu iyali da kasuwa da aikin ofis, waɗanda ba su da halin barin gida. Shi kansa ya yi aure, matarsa Sita Devi kuma ta shiga koyar da mata. Makarantar tana nan har yanzu a unguwar Santacruz. Sannu a hankali yoga ta zama abin da a ke yi cikin taro, kowa na ganin kowa. A ganinmu wannan sauyi ya fi dukkan sauran muhimmanci, dalilinmu kuwa yana cikin labarin wani likita.

Sunansa Madan Kataria, likita ne a Mumbai. A watan Maris na 1995 yana cikin rubuta wata maƙala a kan amfanin dariya ga lafiyar jiki, sai ya ga ai gara a gwada da a yi ta rubutu. Ya yi sammako ya tafi wani lambu kusa da gidansa, ya yi ta roƙon masu tattakin safe su tsaya su yi dariya tare da shi. Yawanci suka dube shi suka wuce. Da ƙyar aka haɗa mutum biyar, har da shi da matarsa Madhuri, wadda dama ta san yoga. Suka tsaya suna ba juna labaran ban dariya. Kafin a yi nisa sun kai wajen mutum 50. Sai kuma matsala ta kunno kai, irin wadda duk wanda ya taɓa zaman majalisar hira ya santa: labarai masu tsabta suka ƙare, aka koma batsa da zolayar wasu, har mata suka nuna in haka za a ci gaba su kam sun daina zuwa. Likita ya roƙi a ba shi kwana guda. Washegari ya zo da wata dabara. Ya ce a bar labarai gaba ɗaya, a tilasta wa kai dariya kamar yadda a ke tilasta wa kai gudu, a dubi juna ido cikin ido, a tafa hannu, tsakanin haka kuma a riƙa jan dogon numfashi irin na yoga. Da suka gwada, dariyar ƙarya ba ta jima ba ta rikiɗe ta zama ta gaske, don kuwa babu mai iya kallon dattijo mai furfura yana ƙaƙaro dariya bai fashe da tasa ba.

Muna so mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan gaɓa. Abin da ya kusa rusa taron shi ne dariyar da a ke yi wa wani. Labarin ban dariya kusan kullum yana da wanda aka kayar a cikinsa, ko ƙabilar wani, ko matar wani, ko gurgu, ko baƙauye. Mu da mu ke da wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, mun san daɗin zolaya, mun kuma san daren da ta kan wuce gona da iri a ɗakin kwanan ɗalibai, har wani ya ja bargo ya rufe kansa ya yi kamar barci ya ke. Likitan Mumbai ya cire wanda a ke kayarwa, ya bar dariyar. Da haka taron ya zama wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai shiga ba tare da fargabar a mai da shi abin nishaɗi ba. Ba a biyan ko kwabo, ba a tambayar mutum matsayinsa, a ƙasar da kuwa aka daɗe ana auna mutum da gidan da aka haife shi. Cikin 'yan shekaru irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu a biranen Indiya, suka ƙetara teku zuwa ƙasashe da dama, har mabiyansu suka keɓe ranar Lahadi ta farko a watan Mayu suna kiranta ranar dariya ta duniya.

To, mene ne ribar? Ba za mu ce dariya na warkar da hawan jini ko ciwon sukari ba, ko da ya ke masu abin su kan yi wa hajarsu kirari. Abin da ya tabbata ya fi wannan sauƙin ganewa. Da yawa daga masu zuwa lambun nan tsofaffi ne da suka ajiye aiki, 'ya'yansu sun watse zuwa wasu birane ko ƙasashen waje, wata mijinta ya rasu, wani matarsa. A birnin da ke da mutane sama da miliyan 12, mutum na iya yin kwana uku a ɗaki bai yi magana da kowa ba. Taron safe ya ba irin wannan mutum dalilin tashi daga gado, da ƙayyadadden lokaci, da fuskokin da ya sani. In an gama su kan zauna a kan benci su taɓa hira, a san wanda jikansa ya ci jarrabawa da wanda gwiwa ta dame shi. Ranar da wani bai zo ba kuwa, gurbinsa a da'ira ya kan nuna, sai a tambaya, sai a bi sawu. Wannan cigiya ita muka ɗauka babbar riba. Ta fi lanƙwasa baya, ta fi jan numfashi. Yau duk mai wayar hannu na iya buɗe YouTube ya koyi kowane irin motsi a cikin ɗakinsa, ba mai ganinsa. Amma in ya kwanta ciwo mako guda, wayar ba za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa ga mutane in suna motsi tare, lokaci ɗaya, numfashi ɗaya. Wannan ba sai Ba'indiye ya koya mana ba. Duk wanda ya taɓa shiga gayya ya san fartanya ta kan yi sauƙi in makaɗi na bayanka kuma sahu na tafiya tare, matan da ke lugude a turmi guda kuma sun san gajiyar ba ɗaya ba ce da ta mai daka ita kaɗai.

Masana ma sun zo sun tarar da tsofaffin nan a kan hanya. A shekarar 2010 wata malamar jami'a a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, ita da abokan aikinta suka tattara bincike 148 waɗanda suka shafi mutane fiye da 300,000, suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin 100, tazarar da ta yi kusa da wadda ke tsakanin mai shan taba da wanda ya daina. Ajali dai na Allah ne, amma sababi ma nasa ne. A Jami'ar Oxford ta Ingila kuma, Robin Dunbar da mutanensa sun nuna a 2011 cewa waɗanda suka yi dariya tare sun fi jure zafin ciwo jim kaɗan bayan haka, abin da suka danganta ga wasu sinadarai masu rage raɗaɗi da ƙwaƙwalwa ke saki. Sa'ad da Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, da yawa a nan sun yi dariya, suka ce wannan ai ciwon Turawa ne, mu da ke da dangi da maƙwabta ina ruwanmu. Sai ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, abin ya fi tsanani ga matasa, kuma ya fi yawa a ƙasashe matalauta, inda ya kai wajen kashi 24 cikin 100, watau fiye da ninki biyu na ƙasashe masu arziki. Ashe gemun da ya kama da wuta namu ne.

Wanda ya yi shakka ya tuna makonsa na farko a jami'a. Yaro ya baro garin da kowa ya san sunan kakansa, ya shigo ɗakin lacca mai ɗaukar ɗaruruwa, inda shi lamba ce a kan takarda. In ya faɗi jarrabawa ba zai iya gaya wa na gida ba, don sun sayar da akuya sun biya masa kuɗin rajista. Ba zai iya gaya wa na ɗaki ba, don kada ya zama abin hira. Sai ya daina zuwa lacca, sa'an nan ya daina fita cin abinci a kan lokaci, kuma tana yiwuwa a yi mako biyu ba wanda ya lura. Na Indiya kuwa nasu ya fi nauyi, ga baƙon harshe, ga baƙon abinci, ga kallon da a ke bin baƙar fata da shi a kan titi. Ba mu manta ba a watan Maris na 2017 wasu gungun mutane suka far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, suka ji wa wasu rauni. Ƙasar da ta haifi yoga ba dukkan mutanenta ne masu tausayi ba, kamar yadda ba kowane taron yoga ne ke da shi ba.

Muna da ma'aunin da mu ke gane mai shi, watau a dubi yadda a ke yi da wanda ya fi kowa rauni a sahu. A nan labarin B.K.S. Iyengar ya ke da amfani. An haife shi a 1918 a wani ƙauye mai suna Bellur a kudancin Indiya, cikin annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Ya tashi yaro mai laulayi, zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka duk sun yi masa rubdugu. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi Mysore wurin mijin yayarsa, Krishnamacharya, mashahurin malamin yoga amma mai tsananin horo. Iyengar da bakinsa ya ba da labarin ranar da malamin ya tilasta masa wata irin buɗa ƙafa da bai taɓa koya ba, a gaban baƙi, har naman cinyarsa ya yage, ya daɗe yana jinya. Da ya zama malami a birnin Pune shi ma ba a san shi da sanyin hali ba, almajiransa sun shaide shi da tsawa. Amma ciwon da ya sha ya koya masa abin da masu lafiya ba su sani ba. Ya shigo da 'yan guntayen katako, da ɗamara, da igiyoyi a jikin bango, da kujeru, da matasan kai, domin wanda hannunsa ba ya kai ƙasa a ɗago masa ƙasar, wanda ba ya iya tsayuwa kuma a tallafe shi. A cibiyar da ya buɗe a Pune a 1975, wadda ya sa wa sunan marigayiyar matarsa Ramamani, an keɓe azuzuwa na musamman domin marasa lafiya, inda malamai da mataimaka ke kewaye da su, kowane majinyaci da irin tsarin da aka yi masa. Yaron da aka zaci ba zai yi rai ba ya kai shekara 95, ya rasu a 2014.

Guntun katakon nan shi mu ke nufi in mun ce tausayi. Malami mai girman kai zai ce ga yadda a ke yi, wanda ya kasa ya koma gefe. Shi wannan sai ya dubi jikin da ke gabansa ya nemi hanyar da zai tafi da shi. An kuwa gwada irin wannan sassauci an ga amfaninsa. A birnin Boston na Amurka an ɗauki mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, aka sa wasu a ajin yoga mai sauƙi sau ɗaya a mako har mako 12, wasu kuma aka tura su wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna na ajin yoga ba su gaza na asibiti samun sauƙi ba, ga shi kuwa malami ɗaya ne ke duba mutane da yawa a lokaci guda.

Har gidan yari abin ya shiga. Kiran Bedi, mace ta farko da ta shiga sahun manyan jami'an 'yan sandan Indiya, da aka ba ta riƙon kurkukun Tihar na Delhi a 1993 ta tarar da shi cunkushe, yawancin na ciki ma ba a yanke musu hukunci ba. Ta shigo da karatun yaƙi da jahilci, da yoga, da zaman natsuwa, har a watan Afrilu na 1994 fursunoni wajen 1,000 suka yi kwana goma suna zaman shiru tare. Kurkuku dai bai daina zama kurkuku ba, amma waɗanda jama'a ta yar sun sami wadda ta ɗauke su mutane.

Yanzu sai mu juya ɗaya gefen, don kada a ce mun zama 'yan talla. Abin da ke sa taro ya yi daɗi, watau amincewa da sakin jiki, shi ne kuma ƙofar da azzalumi ke shiga. Bikram Choudhury ya tashi daga Kalkata ya tafi Amurka ya kafa irin tasa yogar, salon motsi 26 a cikin ɗakin da aka zafafa har wajen awo 40, zafin da mu ke samu kyauta a watan Afrilu, su kuwa suna biyan kuɗi su shiga. Ya yi dukiya, ya tara motoci, almajirai suna ɗaukarsa kamar uba. Daga baya mata da dama cikin almajiransa suka kai shi ƙara bisa zargin cin zarafi da fyaɗe, zargin da ya musanta. A 2016 wata kotu a Los Angeles ta umarce shi ya biya tsohuwar lauyarsa diyyar miliyoyin daloli saboda muzguna mata da korarta daga aiki, shi kuwa ya bar ƙasar ba tare da ya biya ba. Ba abin mamaki ba ne a ce an daɗe ba a ji irin wannan ba, domin wadda za ta buɗe baki ta san tana iya rasa sana'arta da ƙawayenta rana ɗaya. A Indiya kanta kuma, Baba Ramdev, wanda ya yi suna da koyar da yoga a talabijin, kamfaninsu ya fito da wani magani a 2020 aka yi ta tallarsa a kan yana warkar da cutar korona. A 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta matsa musu, shi da abokin aikinsa, har suka nemi gafara a jaridu saboda tallace-tallacen da ke yaudarar marasa lafiya.

Bambancin waɗannan da da'irar lambu a fili ya ke. Da'ira ba ta da gaba, ba ta da baya, ba wanda ke zaune a kan karaga, kuma in mutum ya ga dama gobe ya daina zuwa, za a yi cigiyarsa, amma ba za a ɗauke shi abokin gaba ba. Duk taron da ba a iya tambayar shugabansa dalili, ko a ke ce wa mara lafiya ya zubar da maganin asibiti, ko a ke raba mutum da tsofaffin abokansa, to, ko da zuma a ke rabawa a ciki a guje shi. Mu ɗaliban Nijeriya bai kamata a tsawaita mana bayani a nan ba. Ƙungiyoyin asiri da suka addabi jami'o'in ƙasar nan, da me su ke farautar sabon ɗalibi in ba da alkawarin 'yan'uwantaka ba? Sun san ƙishirwar da ke damunsa, sun kuwa riga mu zuwa wurinsa.

Akwai kuma tambayar da muka san tana bakin mai karatu tun daga layin farko, ba kuwa za mu yi mata kwana ba. Yoga ta tsiro ne a cikin addinan Indiya, kuma har gobe akwai wuraren da a ke haɗa ta da ambaton abubuwan bautarsu, da rera wasu kalmomi na ibada, da jerin motsin nan da su ke kira gaisuwar rana. Musulmi da Kirista duka suna da dalilin yin hattara. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yinta a watan Nuwamba na 2008 saboda abubuwan ibadar da ke cikinta. Majalisar malaman Indonesiya a farkon 2009 ta rarrabe, ta hana wadda aka haɗa da ibada, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta ba da izinin koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017, shugabannin Cocin Girka kuwa a 2020 suka ce ba ta dace da addininsu ba. Ko a Indiya, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga watan Yuni ta zama ranar yoga, aka yi bikin farko a 2015 da mutane kusan 36,000 a Delhi, sai da aka bar gaisuwar rana a wajen tsarin bikin bayan ƙungiyoyin Musulmin ƙasar sun nuna rashin yarda. Mu ba malamai ba ne, wannan mujalla kuma ba zauren fatawa ba ce; kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Iyakar abin da za mu ce shi ne, nan ma ma'aunin yana aiki. Taron da ke da tausayi na gaske, in ka gaya masa ga abin da imaninka bai yarda da shi ba, zai bar ka ka tsaya shiru a gurbinka har a wuce wurin, ba harara, ba gori. In aka matsa maka, ka naɗe tabarmarka ka yi sallama.

Ga 'yan'uwanmu da ke karatu a Indiya, shawararmu ita ce kada su mai da ɗaki kurkuku. Wanda zuciyarsa ta kwanta da taron lambun unguwarsa ya shiga, da idonsa a buɗe. Wanda ba ta kwanta ba ya nemi wani taron mai irin wannan hali, ko shi da 'yan ƙasarsa su kafa nasu.

Ga ƙungiyarmu ta nan gida kuwa muna da ƙorafi. Filin wasa na ƙarfafa ne. Kuɗin da a ke ware wa wasanni kusan duka a kan ƙwallon ƙafa da kofuna ya ke ƙarewa, watau a kan 'yan tsirarun da dama lafiyarsu lau. Mai ƙiba, da mai asma, da wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa, da ɗalibar da kunya ba za ta bar ta ta yi gudu a gaban maza ba, duk sun biya kuɗin ƙungiya kamar kowa, amma rabonsu a filin nan kallo ne. Muna roƙon kwamitin wasanni ya keɓe rabin sa'a bayan sallar asuba, kwana uku a mako, a ba maza wani ɓangare na fili, mata kuma a ba su wuri mai sutura a cikin harabar ɗakunan kwanansu. A kira abin da sunan da aka ga dama, miƙe gaɓoɓi ko tattakin safe, sunan ba ya damunmu. Kada a karɓi kuɗi, kada a yi gasa, kada a nemi wata riga ta musamman. A roƙi wani daga sashen koyar da wasannin motsa jiki ko daga asibitin jami'a ya riƙa dubawa, don kada a ji wa kowa ciwo. Doka biyu kawai mu ke so a aro daga Mumbai da Pune: ba a yi wa kowa dariya sai dai a yi tare da shi, kuma tafiyar a auna ta da wanda ya fi kowa rauni. Sa'an nan kowane mako a ɗora wa mutum guda alhakin lura da wanda aka yi zama biyu ba a gani ba, ya je har ɗakinsa ya yi sallama. In ya tarar abin ya fi ƙarfin hira, ya raka shi asibiti da ƙafarsa.

Za mu gabatar da wannan roƙo a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa. Kafin nan shafin wasiƙu a buɗe ya ke ga mai goyon baya da mai suka, muna kuma so ƙwarai mu ji daga 'yan'uwanmu mata game da wurin da ya fi dacewa da su, da lokacin da ba zai ci karo da laccar ƙarfe bakwai ba.